Harajin Man Fetur a Jihohin Amurka: Tarihin Yarda da Ƙi

A ranar 25 ga watan Fabrairu na shekarar 1919 jihar Oregon, wadda take can arewa maso yammacin Amurka a gaɓar teku, ta ɗora harajin santi ɗaya, wato kashi ɗaya cikin ɗari na dala, a kan kowane galan na fetur da aka sayar a cikin iyakokinta, ita ce kuwa jiha ta farko da ta yi haka a ƙasar. Galan ɗin Amurka bai cika lita huɗu ba, santi ɗaya kuwa ko a wancan zamani ba kuɗin da zai hana magidanci barci ba ne. Amma daga wannan ɗan ƙanƙanen mafari aka sami wata muhawara wadda aka shekara fiye da ɗari ana yi, ta tayar da yajin aiki, ta kori ɗan majalisa daga kujerarsa, ta raba kan 'yan kasuwa, har yau kuma ba a kai ga ittifaƙi a kanta ba. Abin da ya cancanci a yi nazarinsa shi ne yadda harajin da jama'a suka karɓa hannu bibbiyu a farkon al'amari ya wayi gari yana cikin waɗanda suka fi ƙi.

Kafin zuwan mota, hanyoyin karkara a Amurka alhakin ƙananan hukumomi ne, waɗanda suke gyara su da kuɗin harajin gonaki da gidaje, a wurare da yawa kuma akan wajabta wa kowane baligi ya fito da gatari da shebur ya yi aikin hanya na 'yan kwanaki a shekara, ko kuwa ya fanshi kansa da kuɗi. Hanyoyin da aka samu ta wannan tsari, in ruwa ya sauka ko ƙanƙara ta narke, sukan koma taɓo har amalanke ya nutse zuwa gindin ƙafafunsa, manomi ya zauna da hatsinsa a rumbu alhali kasuwa tana nemansa. Masu hawan keke ne suka fara kukan a gyara hanya tun wajen 1880, sa'an nan mota ta zo ta ƙara wa kukan ƙarfi: a shekarar 1900 motocin da aka yi wa rajista a ƙasar duka ba su wuce 8,000 ba, amma bayan da Henry Ford ya fitar da motarsa mai araha a 1908, sai ta shiga hannun manoma da ƙananan 'yan kasuwa. A 1916 gwamnatin tarayya ta ware dala miliyan 75 domin hanyoyi, bisa sharaɗin kowace jiha ta kawo kwatankwacin abin da za a ba ta, wannan sharaɗi kuwa shi ya tilasta wa jihohi neman wata sabuwar ƙofar samun kuɗi.

Dalilan da suka sa jama'a suka yi na'am da sabon harajin ba ɓoyayyu ba ne. Mutum yana biya ne gwargwadon tafiyarsa, wanda ya fi cin hanya ya fi biya, wanda ba shi da mota kuwa babu ruwansa, don haka aka ɗauke shi a matsayin ladan amfani da hanya, mai kama da kuɗin fito da ake ba mai kwalekwale. Karɓarsa ba ta buƙatar rundunar ma'aikata masu bi gida gida, domin daga hannun manyan dillalan mai ake cirarsa kafin man ya isa gidajen mai. Manomin da ya daɗe yana ɗauke da nauyin hanya a kan harajin gonarsa ya sami sauƙi, an kuma shirya mayar masa da harajin man da ya zuba wa tarakta, tun da ita ba ta hawa kwalta. Abin da ya fi duk waɗannan nauyi shi ne gani ya kori ji: mutum ya biya santinsa bana, baɗi ya ga kwalta ta wuce ta ƙofar gonarsa. Saboda haka kafin ƙarshen 1929, cikin shekara goma kacal, dukkan jihohi 48 na lokacin sun bi sahun Oregon, motocin da ke kan hanya kuma sun haura miliyan 20.

Ruwa ba ya tsami banza. A ƙarshen 1929 kasuwar hannun jari ta rushe, masana'antu suka rufe, miliyoyin mutane suka rasa aiki, harajin gidaje da na gonaki ya ƙi karɓuwa domin masu biyansa sun talauce, harajin fetur ne kaɗai ya ci gaba da shigowa baitulmali ba tare da gardama ba. Gwamnoni da majalisu, da suka ga makarantu suna neman rufewa, marasa aiki kuma suna neman abin sawa a baki, sai suka miƙa hannu cikin kuɗin hanya suka biya waɗannan buƙatu, wasu jihohin ma suka ƙara harajin domin wannan manufa. A 1932 gwamnatin tarayya a ƙarƙashin Shugaba Herbert Hoover ta ɗora nata santi ɗaya domin cike giɓin kasafinta, da niyyar na ɗan lokaci ne, ga shi kuwa har yau ba a janye shi ba. Ba wanda zai ce ciyar da mayunwaci ko biyan malamin makaranta ɓarna ce. Amma mai mota ya ga an karɓi kuɗinsa da sunan abu ɗaya an kashe a wani, daga nan kuwa zargi ya shiga tsakaninsa da hukuma, zargin da bai fita ba har yanzu.

A wannan zamani ne adawa ta yi tsari ta sami shugabanni. Kamfanonin mai, da ƙungiyoyin masu motoci, da masu ƙera su, irin su Alfred Sloan na kamfanin General Motors wanda ya jagoranci kafa wata babbar ƙungiya ta masu amfani da hanyoyi a 1932, suka haɗa kai suna yaƙi da karkatar da kuɗin hanya. Bambancin haraji tsakanin jiha da maƙwabciyarta ya haifar da fasa-ƙwaurin mai, wanda ya cuci mai gidan man da ke biyan hakkin hukuma. A 1934 majalisar tarayya ta yi dokar da ake kira Hayden-Cartwright, wadda ta ba da ikon rage wa jihar da ta karkatar da kuɗin hanya har sulusin tallafin da take samu daga tarayya, jihohi da dama kuma suka rubuta a cikin tsarin mulkinsu cewa kuɗin fetur na hanya ne kaɗai. Ma'anar wannan duka ita ce abin da Bahaushe ya faɗa tun da daɗewa, cewa kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Da aka sabunta wannan alkawari a 1956, zamanin Shugaba Eisenhower, aka kafa asusu na musamman domin shimfiɗa manyan hanyoyi masu tsawon mil 41,000, aka ɗaga harajin tarayya daga santi 2 zuwa 3, jama'a ba su tayar da ƙura ba, domin sun san inda kuɗin za su.

Sai dai akwai wani aibi a cikin ginin harajin tun asali, wanda bai bayyana ba sai bayan 1973, lokacin da ƙasashen Larabawa suka hana Amurka mai, farashi ya yi tashin gwauron zabo. Harajin adadi ne tsayayye a kan galan, ba ya bin farashi, ba ya bin tsadar siminti da ƙarfe da ladan ma'aikata. Ga shi kuma tun daga dokar 1975 an tilasta wa kamfanoni ƙera motoci masu ƙarancin shan mai, ta yadda mota za ta ci hanya kamar da, amma ta biya ƙasa da da. Saboda haka ko ba a rage harajin ba darajarsa tana zaizayewa kowace shekara, hukuma kuwa ba ta da mafita sai ta koma gaban jama'a ta nemi ƙari, sau da yawa a daidai lokacin da tsadar rayuwa ta fi gallabar su. A cikin wannan yanayi ne mutanen Kalifoniya suka kaɗa ƙuri'ar rage harajin gidaje a 1978, mutanen Missouri kuma suka ɗaure hannun majalisarsu a 1980 da wani gyaran tsarin mulki mai iyakance ƙarin haraji ba tare da yardar masu zaɓe ba.

Fushin da ya fi kowane zafi ya zo ne a farkon 1983, bayan da Shugaba Ronald Reagan, wanda aka sani da ƙin haraji, ya sa hannu a dokar da ta ɗaga harajin tarayya daga santi 4 zuwa 9, yana mai cewa ladan amfani da hanya ne. Dokar ta haɗa da ƙarin kuɗaɗe masu nauyi a kan manyan motocin dako, don haka direbobi masu tuƙa motocin kansu, waɗanda yawancinsu da bashin banki suka sayi tirelolinsu, suka ajiye aiki tun daga ƙarshen Janairu har kwana goma sha ɗaya. An jefi motocin waɗanda suka ƙi shiga yajin, an harbi wasu, an kashe direba ɗaya a jihar North Carolina. Dokar ta tsaya, amma 'yan siyasa sun ɗauki darasi. An ƙara harajin tarayya a 1990, aka sake ƙarawa a 1993 ya kai santi 18.4 a kan fetur da 24.4 a kan dizal, daga nan kuwa ba a sake taɓa shi ba. Tun 2008 ma asusun hanyoyin nan sai an riƙa tallafa masa daga babban baitulmali. Da tarayya ta noƙe, sai nauyin ya gangaro kan jihohi, rigimar kuma ta biyo shi.

Ya wajaba a saurari hujjar masu adawa da kunnen adalci, domin tana da tushe. Harajin fetur bai san mawadaci ba bai san matalauci ba: santin da attajiri zai biya a kan galan shi ne wanda mai share ofishinsa zai biya, alhali abin da ya zama ƙura a aljihun wancan, a wurin wannan kuɗin cefane ne. A ce magidanci yana tafiyar mil 12,000 a shekara da motar da ke cin mil 24 a galan guda. Zai sha galan 500, ƙarin santi goma kuwa zai ci masa dala 50. In gidan mota biyu ne, kamar yadda ya zama tilas ga miji da mata masu aiki a wurare dabam dabam, sai a ninka. Mutumin karkara ya fi shan wahala, domin asibiti da makaranta da wurin aiki duk suna nesa da shi, babu jirgin ƙasa babu bas, motarsa kuma galibi tsohuwar akori-kura ce mai zuƙar mai, wadda ba shi da halin musanya ta da sabuwa. Ga shi kuma ba a gidan mai kaɗai yake biya ba, tun da yake wajen kashi 70 cikin ɗari na nauyin kayan da ake dako a ƙasar a kan manyan motoci suke tafiya, ƙarin kuɗin dizal kuwa yakan biyo burodi da madara har cikin kwandon uwargida.

Su kuwa 'yan kasuwa ba bakinsu ɗaya ba, wannan saɓani nasu kuma yana da faɗakarwa. Tirelar da ke tafiyar mil 100,000 a shekara tana cin mil 6 a galan za ta sha sama da galan 16,000, ƙarin santi 20 a kanta ya haura dala 3,000. Babban kamfani yana iya ɗora wannan a kan masu ba shi kaya ta hanyar yarjejeniya, amma mai mota ɗaya wanda ya riga ya yanke kuɗin dako sai ya cire daga ribarsa. Mai gidan man da ke bakin iyakar jiha yana kallo masu sayensa za su tsallaka inda ya fi araha, su tafi da cinikin shayi da abincin da yake samun riba a kansu. Mai gyaran famfo, da mai kai kaya gida gida, da mai yankan ciyawa, duk jarinsu a kan taya yake. Amma duk da haka babbar ƙungiyar kamfanonin dako ta ƙasar ta daɗe tana goyon bayan ƙarin harajin mai, babbar majalisar 'yan kasuwa ta Amurka ma ta nemi a ƙara santi 25 a 2018, domin sun lissafa sun ga abin da cunkoso da ramuka suke ci musu ya fi abin da harajin zai ci.

Inda aka ba jama'a ƙuri'a a hannu, sau da yawa sun ce a'a. A Massachusetts, inda tun 1773 mutanen Boston suka zubar da ganyen shayi a teku saboda harajin da ba da yawunsu aka ɗora ba, majalisa ta yi doka a 2013 cewa harajin fetur zai riƙa hawa da kansa gwargwadon hauhawar farashi. A Nuwamban 2014 masu zaɓe suka soke wannan sashe, hujjarsu kuwa ita ce duk wanda zai ƙara musu haraji ya tashi a zauren majalisa ya kaɗa ƙuri'a da sunansa. A Michigan, a watan Mayun 2015, kusan kashi 80 cikin ɗari suka yi watsi da wani shiri mai sarƙaƙiya da ya cakuɗa kuɗin hanya da wasu buƙatu. A Missouri, inda harajin ya tsaya a santi 17 tun 1996, jama'a sun ƙi ƙarin santi 10 a 2018, sai majalisa ta dawo a 2021 ta ƙara santi biyu da rabi kowace shekara har shekara biyar, tare da alkawarin mayar wa wanda ya adana rasitansa ya nema, alhali mai fafutukar abincin yau shi ne mafi ƙarancin sukunin tara takardu.

To, amma ƙin ma yana da nasa farashi, jihar Minnesota kuwa ita ce shaida. Harajinta ya tsaya a santi 20 tun 1988, Gwamna Tim Pawlenty kuma ya hau kujerar na-ƙi a kan ƙari har sau biyu. A ranar 1 ga Agustan 2007, da yamma mutane suna komawa gida daga aiki, babbar gadar da ta ratsa kogin Mississippi a birnin Minneapolis ta rufta da motocin da ke kanta, mutum 13 suka rasa rayukansu. Gaskiya ta wajabta a faɗi cewa masu bincike sun danganta musibar da kuskure a zanen gadar tun asali, amma ta buɗe idon jama'a ga halin da sauran gadoji suke ciki, har a Fabrairun 2008 majalisa ta rinjayi na-ƙin gwamnan, da taimakon mutum shida daga jam'iyyarsa. Ramin da ba a cike ba shi ma haraji ne, wanda ake biya a wurin bakanike da mai faci, kuma mai tsohuwar mota ne ya fi biyansa.

Jihohi biyu sun nuna abin da yake sassauta zukata. New Jersey ta riƙe harajinta a santi 14.5 shekara da shekaru har asusun hanyoyinta ya ƙafe, Gwamna Chris Christie ya dakatar da ayyukan hanya a Yulin 2016, ma'aikata suka zauna a gida a tsakiyar lokacin aiki. Da aka ƙara santi 23 a watan Nuwamba, an haɗa shi da rage harajin sayayya da ƙarin rangwame ga ma'aikata masu ƙaramin ƙarfi, masu zaɓe kuma suka rubuta a tsarin mulki cewa kuɗin na sufuri ne kaɗai. A Kalifoniya, Gwamna Jerry Brown ya sa hannu a 2017 a kan ƙarin santi 12 a fetur da 20 a dizal. Fushin jama'a ya kai ga yi wa ɗan majalisar dattawan jihar, Josh Newman, kiranye a Yunin 2018, amma a ranar nan ɗin masu zaɓe suka amince da killace kuɗin domin sufuri, da aka kawo musu shawarar soke ƙarin a watan Nuwamba kuwa sai kusan kashi 57 cikin ɗari suka ƙi sokewa. Mutanen jihar da aka hukunta wakili a cikinta su ne suka bar harajin, bayan da aka ɗaure shi da sharaɗi suka kuma fara ganin aiki a unguwanninsu.

Mas'alar ba ta ƙare ba. A 2022, shekarar da farashin galan ya haura dala 5, jihohi irin su Maryland da Georgia da Connecticut da New York sun dakatar da harajinsu ko wani sashe nasa na ɗan lokaci. Motoci masu aiki da lantarki kuma suna ƙaruwa, suna cin kwalta ba sa sayen fetur, masu su galibi mawadata ne, nauyin kuma yana komawa kan waɗanda ba su da halin sayensu. Shi ya sa Oregon, wadda ta buɗe wannan babi, ta ƙaddamar da shirin karɓar kuɗi bisa yawan mil a 2015.

Mai karatu a ƙasar Hausa ba baƙo ba ne ga zafin ƙarin kuɗin mai, ko da yake namu janye tallafi ne, nasu kuwa haraji. Mun ga Janairun 2012, da lita ta tashi daga naira 65 zuwa wajen 141, jama'a suka cika tituna har aka dawo da ita 97; mun kuma ga abin da ya biyo bayan janye tallafin a Mayun 2023 a tasha da kasuwa. Tambayar da direban Missouri yake yi ita ce wadda ɗan acaɓa da mai kayan gwari suke yi: ina kuɗin za su, wa kuma zai ɗauki mafi nauyin kayan?

Hukuncin da wannan tarihi ya bayar a fili yake. Hanya maslaha ce ta kowa, ba ta ginuwa sai da kuɗi, wanda ya ƙi biya a gidan mai kuwa zai biya a gareji ko a asibiti. Amma dukiyar da aka karɓa daga hannun talakawa amana ce, hukumar da take neman ƙari kuwa wajibi ne a kanta ta bayyana adadin a fili, ta killace kuɗin ga abin da aka karɓe su dominsa, ta sassauta wa mai rauni da mutumin karkara, sa'an nan ta nuna aikin da ido zai gani. Inda aka cika waɗannan sharuɗɗa jama'a sun biya, ko da suna gunaguni. Inda aka saɓa musu sun ƙi, kuma suna da hujja.